Babi na Biyar: Zumunci da Allah a Unguwar Ladanai

Kafin ƙarfe biyar na asuba unguwar Briketeri ta riga ta farka. Ladanin babban masallaci kan ɗaga murya, na ƙananan masallatan lungu su bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har kiran ya gangara wajen Warda, ya haura ta Tsinga. Daga nan sai ƙarar buta da silifa. Masu shayi su hura wuta, mahauta su fita neman nama. Duk wanda ya san Yawunde ya san nan ce unguwar Hausawa: nan manyan ma'aikata ke ajiye mota da yamma su sayi tsire da kilishi, nan ake yanko shadda da atamfa, nan teloli da masu surfani ke kwana kan keke idan Salla ta matso.

Unguwar ta ci sunanta ne daga wani wurin gasa tubali na zamanin Turawa, amma asalin sunan wurin Ekudu. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, kuma ba a daɗe ba fatake Hausawa suka iso da fataucin hauren giwa da roba da goro da tufafi. A zamanin Faransawa ne zangon nasu ya zauna daram a inda yake yanzu. Bayansu Fulani suka zo, da Barebari, da Bamun na Fumban, da mutanen Nijar da Mali da Cadi. Da aka gama shimfiɗa layin dogo daga Yawunde zuwa Ngawundare a 1974, hanyar saukowa kudu ta buɗe wa kowa.

Abin da baƙo ba ya saurin lura da shi shi ne, ba duk wanda jirgin ya sauke ne Musulmi ba. Akwai Gbaya da Dii daga Adamawa, akwai Tupuri da Masa da Mundang daga wajen Kayele da Yagwa, akwai Mafa da Kapsiki daga duwatsun Mandara, kuma da yawansu Kiristoci ne tun daga iyaye. Mutanen kudu ba sa wahalar da kansu wajen bambancewa. Duk wanda ya fito daga arewa da doguwar riga Bahaushe ne a wajensu. Shi kuwa ɗan arewa, ko Kirista ne, yakan fi sakewa inda ake jin Fulatanci da Hausa, inda zai sami tuwo da miyar kuka da ɗan garinsu da zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma. Haka wasu suka sami kansu a Briketeri da kewayenta, suna gadi, suna tura kaya a kasuwar Mokolo, suna koyon ɗinki, suna acaɓa, wasu kuma ɗalibai ne ko ƙananan ma'aikata.

Kiristan da ke zaune a nan yana fuskantar wata tambaya da ɗan'uwansa na Mvog-Ada ko Biyem-Assi zai iya shekara bai ji ta ba. Sau biyar a rana yana ganin maƙwabtansa sun rufe shago, sun yi alwala, sun jeru. Ranar Juma'a titi kan cika da dardumai har mota ta rasa hanya. Shi fa, yaushe yake tsayuwa gaban Ubangijinsa? Irin hirar da kan shiga tsakanin dattijo mai gidan haya da yaron da ke zaune a ɗakin ƙofar gida ba ta wuce haka:

"Ɗana, ku ba ku da asuba ne?"

"Muna da ita, Baba. Sai dai babu mai kiranmu."

"To, wa ke tashinka?"

"Ladaninku, Baba."

Amsar yaron gaskiya ce tsagwaronta, kuma a cikinta maganar wannan babi take. Addinin Kirista bai ɗora wa mai bi na gari wasu ƙayyadaddun lokutan addu'a da za a kira shi a kansu ba. Abin da ya sa a gabansa shi ne zumunci: ya san Allah da kansa, ya yi magana da shi, ya saurare shi, ya yi masa biyayya don ƙauna. A sura ta 6 ta Bisharar Matiyu, addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ta fara ne da kiran Allah Uba. Wannan kalma tana yi wa maƙwabci Musulmi nauyi a kunne, kuma Kiristan da ya san addininsa yakan bayyana masa cewa ba haihuwa irin ta jiki ake nufi ba, kusanci ake nufi da amincewar ɗa ga wanda ke riƙe da shi. Ikkilisiyoyin bishara sukan ce zumuncin yana farawa ne ranar da mutum ya tuba, ya karɓi Yesu Almasihu a matsayin Mai Ceto, Ruhu Mai Tsarki ya zauna a cikinsa. Katolika sukan fi jaddada baftisma da Jibin Ubangiji da furta zunubi gaban limami. Amma dukansu sun haɗu a wuri ɗaya: katin baftisma da sunan Bulus ko Maryamu ba su isa ba. Kiristan gado, wanda iyakarsa zuwa sujada ranar Lahadi, yana da addini, amma bai fara wannan tafiya ba tukuna.

'Yancin da ke cikin wannan koyarwa babba ne, nauyinsa ma haka. Wanda ba a kira shi ba, shi zai kira kansa.

A wannan sura ta Matiyu ne kuma aka shawarci mai addu'a ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. A Briketeri ɗakin ne babu. Gidajen cikin lungu a cunkushe suke, bango na ƙasa ko katako, rufin kwano, famfo ɗaya da banɗaki ɗaya ga iyalai da dama. Ɗaki guda kan ɗauki samari huɗu ko biyar, ko miji da mata da yara. Duk abin da aka faɗa da ƙarfi, na ɗakin gaba ya ji. Saboda haka masu bi suka iya ƙirƙiro kaɗaici inda babu shi. Za ka ga uwa ta tashi kafin yara, ta zauna bakin katifa a cikin gidan sauro, ta kife hasken waya a kan shafin Littafi Mai Tsarki don kada ya tashi jinjiri, leɓɓanta na motsi ba sauti, yatsa na bin layi. Littafin ya sha hannu, bangonsa an liƙe shi da ƙyallen atamfa, a tsakanin shafuka akwai katin asibiti da takardar baiko da hoton wanda ya rasu. Idan ta gama sai ta rufe ido ta jero sunaye: maigida, yara ɗaya ɗaya, tsohuwar da aka baro a ƙauye, maƙwabciyar da ke fama da ciki. Duka bai fi rubu'in sa'a ba, domin layin famfo ba ya jira. Mai gadi kuwa dare ne nasa gaba ɗaya. Yaron tela yakan riga maigidansa zuwa shago, ya share, ya zauna kan bencin keke da Sabon Alkawari ƙarami na aljihu. Wani kuma addu'arsa a kan hanya take, daga gida zuwa Mokolo, a ƙafa, cikin jar lakar damina.

Kusan duk waɗannan mutane abu ɗaya ne a hannunsu, wato littafi. Ga Kirista, musamman na ikkilisiyoyin bishara, addu'a rabin hira ce. Sauran rabin shi ne karatu, domin ta Littafi Mai Tsarki ne yake sa ran jin abin da Allah ke faɗa masa. Shi ya sa tarihin kusancin Bahaushe Kirista da Ubangijinsa ba ya rabuwa da tarihin yadda littafin ya shigo harshensa, kuma tarihi ne mai tsawo fiye da yadda mutane da yawa ke zato.

Wani Bajamushe mai aikin mishan, James Frederick Schön, ya shiga tawagar da Ingila ta tura kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma ƙwallafa rai a kan Hausa. Hausar da yake nema ta same shi har gida: a 1855 matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai da yara biyu da aka 'yanta daga bauta, Dorugu da Abbega. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, Hausa ce a bakinsa tun daga nono. Ya zauna tare da Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da kalmomi, kuma da wannan taimako ne sassan farko na Littafi Mai Tsarki suka fito da Hausa kafin shekarar 1860. Yaron da aka sayar a kasuwa shi ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan rubutacciyar Hausar boko. Daga baya ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Cikakken littafin sai a 1932 ya fito, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne Dokta Walter Miller. Miller yana cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Ya zauna a Girku, sannan ya shiga birnin Zariya a 1905. Shekaru ya yi yana aiki ba wani abin a zo a gani, sai a 1913 wasu baƙi suka zo masa da labarin da bai taɓa tsammani ba. Zuriyar Isawa ne, almajiran wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, har aka kashe shi a Kano wajajen shekarun 1860, mabiyansa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da wasu wurare. Waɗannan mutane ba su taɓa ganin majami'a ba, ba su da fasto, ba su da Linjila a hannu. Abin da suka riƙe kawai shi ne ƙishin sanin wanda malaminsu ya mutu a kan maganarsa, suka kuma gadar wa 'ya'yansu wannan ƙishi kusan shekara hamsin. An tara su a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka rage suka koma Zariya, daga baya mishan ɗin ta tashi zuwa Wusasa wajajen 1929. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a can da ƙasa, ginin Hausa sak, tana nan tsaye. Duk wanda ke ganin neman Allah na kai da kai baƙon abu ne da Bature ya kawo, ya kamata ya tsaya a kan labarin Isawa: neman ya riga Baturen zuwa.

An sake fassara littafin da Hausa mai sauƙi wajajen 1980, kuma wannan bugu ne ya cika majami'un ECWA da COCIN da EYN a Najeriya, da na Maradi da Tsibiri da Damagaram a Nijar. Mishan ta SIM da takwarorinta sun ɗauki koyar da karatu tamkar sharaɗin zama mai bi. Dattijon Bamaguje da bai taɓa shiga aji ba yakan zauna ya koyi baƙaƙe da wasula don kawai ya karanta Bisharar Markus da idonsa. Hujjar a fili take: wanda sai an karanta masa, tsakaninsa da Allah akwai mutum na uku.

A Kamaru hanyar ta ɗan bambanta. Wani Ba'amurke, Adolphus Gunderson, ya fara aiki cikin Gbaya a 1923, mishan ta ƙasar Nowe ta sauka Ngawundare a 1925, kuma daga aikinsu ne Ikkilisiyar Lutheran ta Kamaru ta fito. Da yake Fulatanci ne harshen kasuwa a arewacin ƙasar, shi ya zama harshen wa'azi tsakanin ƙabilu. A 1966 aka buɗe ɗakin shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila a Ngawundare, takwaran Muryar Bishara ta Jos mai shirye-shiryen Hausa. Dukansu ta babbar tashar Addis Ababa suke fita, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Fulatanci ya fito a 1983. Saboda haka Kiristan arewa da ke Briketeri yakan rayu da harsuna huɗu: na ƙabilarsa a gida, Fulatanci da 'yan'uwa 'yan arewa, Hausa a kasuwa da bakin tela, Faransanci a ofis da babbar sujada. Ka tambayi irin wannan mutum da wanne yake addu'a in yana shi kaɗai, sau da yawa zai ce maka da Faransanci yake farawa, amma idan abu ya kai masa wuya harshen uwarsa ne ke fitowa. Yaran da aka haifa a Yawunde kuwa Faransanci ne ke rinjaye a bakinsu, kuma wannan yana damun iyaye fiye da yadda suke faɗa.

Wayar hannu ta sauƙaƙa wani abu. Yanzu akwai Littafi Mai Tsarki na sauti da Hausa da Fulatanci, tsohuwar da ido ya gaza ko ba ta yi boko ba tana iya sauraren Zabura tana tsinke ganyen miya. Sai dai wayar da ke karanta Zabura ita ce ke kawo saƙon WhatsApp a tsakiyar aya.

Idan ana maganar horon kai a wannan fanni, akwai mutumin da Yawunde ba za ta manta da shi ba, Farfesa Zacharias Tanee Fomum. An haife shi a 1945 a yankin Bamenda, ya yi digirin digirgir a ilmin sinadarai a Jami'ar Makerere ta Yuganda, ya koyar a Jami'ar Yawunde, ya kuma rasu a watan Maris na 2009. Ya kafa ƙungiyar mishan da ake kira CMFI, ya rubuta littattafai sama da ɗari, mafi yawansu a kan addu'a da azumi da tsarkin rayuwa. Abin da ya fi jaddadawa shi ne ganawa da Allah kowace rana, da sassafe, kafin a yi magana da kowa. Ya ɗauko ɗabi'ar ɗakin gwaje-gwaje ya shigo da ita cikin ibada: almajiri ya riƙe littafin rubutu, ya rubuta abin da ya karanta, abin da ya fahimta, zunubin da ya gano a kansa, abin da ya roƙa da ranar da aka amsa. Ya kuma nace cewa tuba ba ta cika sai an mayar da abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba, ko da kuɗin ofis ne ko takardar shaida ta jabu. A garin da cin hanci ya zama ruwan dare, wannan koyarwa ta girgiza gidaje.

Akwai abin koyi a tsarin Fomum, akwai kuma abin taka-tsantsan. Gaskiya ne zumunci ba ya girma da shauƙi kaɗai. Littafi Mai Tsarki na Furotesta yana da littattafai 66 da surori 1,189. Wanda ke karanta sura uku zuwa huɗu a rana zai sauke shi cikin shekara. Karin Magana tana da sura 31, masu bi da yawa kan bi ta da kwanakin wata. Aikin kamar surfanin babbar riga ne a hannun maɗinkan Briketeri: allura ɗaya ɗaya ake sokawa, ba a ganin aska takwas sai bayan makonni. Amma ƙididdiga tana da tarkonta. Mutum na iya komawa lissafin sa'o'in addu'a da kwanakin azumi har ya manta da wanda yake nema, ko ya fara raina matar da rubu'in sa'a kawai ta samu kafin layin famfo. Dogon azumi ba tare da lura da lafiya ba ya kwantar da mutane. Wanda ya ɗauki horon ya bar gasar, shi ya amfana.

Tarko na biyu ya fi wannan faɗi. Tun da dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disamban 1990 ta sassauta al'amura, majami'un farkawa suka yawaita a Yawunde, wasu a shaguna, wasu a falon gida, da lasifika da ganguna har gari ya waye. Cikinsu akwai na ƙwarai, masu koyarwa da kula da marasa ƙarfi. Akwai kuma inda aka mai da Allah wurin karɓar biza da miji da aiki, a kan farashi, ta hannun wani da ke kiran kansa annabi. A watan Agustan 2013 gwamnati ta rufe majami'u da dama a Yawunde da Bamenda da wasu garuruwa, tana zarginsu da rashin rajista da damun jama'a da damfara. An yi ta muhawara a kan ko matakin ya dace, amma cutar da ya nuna ta gaske ce. Talakan da ya baro Mora ko Mokolo ta arewa saboda rikici, ba aiki ba dangi, shi ne ya fi saurin faɗawa hannun mai sayar da ruwan albarka. Abin baƙin cikin shi ne, an sake dawo masa da mutum na uku tsakaninsa da Ubangijinsa, abin da aikin Dorugu da Miller da malaman karatun ƙauye ya taimaka wajen kawarwa.

Ba wai ana nufin mai bi ya zauna shi kaɗai ba. A arewacin Najeriya, shirin Sabon Rai Don Kowa da ya tashi a farkon shekarun 1960 ya ginu ne a kan ƙananan taron addu'a na mutum kaɗan kaɗan a cikin gidaje. Zumuntar Mata, da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da caki, ita ce makarantar addu'a mafi girma da Kiristocin arewa suka taɓa samu. A can yarinya ke koyon yadda ake roƙo, yadda ake gaida mara lafiya, yadda ake zaman makoki. 'Yan arewa a Yawunde sun riƙe irin wannan tsari, ƙabila ƙabila ko majami'a majami'a. Amfaninsa yakan fito ne a lokacin fari, domin kowane mai bi na gaskiya yana da watannin da zai buɗe littafi ya ji shi kamar allo, ya yi addu'a ya ji ba ta wuce kwano ba. A irin wannan lokaci wata Mama ce daga zumunta za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "'Yata, kwana biyu ba mu gan ki ba, lafiya?" Zabura ma, mai waƙoƙi 150, kaso mai yawa nata kukan mutanen da suka ji Allah ya yi musu shiru ne, kuma dattawan ikkilisiya kan tura mai irin wannan hali can.

A unguwa irin Briketeri, awon ƙarshe na wannan zumunci a hannun maƙwabta yake. Su ba sa ganin addu'ar cikin gidan sauro. Abin da suke gani shi ne ko yaron shago yana cika awo, ko mai gadi yana barci, ko bashi yana dawowa ranar da aka ce. Ranar Babbar Salla nama kan shiga ɗakin Kirista, ranar Kirsimeti shinkafa da kaza kan fita zuwa ɗakin Musulmi, kuma Kiristan da ya san zama da mutane yakan kai kazar wa maƙwabcinsa ya yanka don kowa ya ci hankali kwance. Da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Kolofata da Fotokol da Marwa a 2014 da 2015, zargi ya hau kan 'yan arewa a biranen kudu ba tare da an tambayi addininsu ba, Kirista da Musulmi suka sha kallo iri ɗaya. A Janairun 2015 kuma aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Wanda danginsa ke cikin waɗanda abin ya shafa, kuma kowace safiya yana furta addu'ar da ke ɗaure gafarar da yake nema da gafarar da yake yi wa wasu, ya san cewa wannan zumunci ba abin jin daɗi kaɗai ba ne. Mafi wuya kuma shi ne halin wanda ya fito daga gidan Musulmi ya zama mai bi. Dokar Kamaru ta ba shi 'yanci, amma doka ba ta mayar da gaisuwar uwa ko gurbi a shagon kawu. Irin waɗannan sukan yi shekaru ba wanda ya san da ibadarsu sai wanda suke yi wa.

Katolika suna da nasu hanyoyin. Majami'ar Christ-Roi ta Tsinga da ta Sacré-Cœur ta Mokolo duk ana zuwa da ƙafa daga Briketeri, kuma mai bi kan ratsa da rana tsaka, lokacin da babu sujada, ya zauna shiru a benci na baya da carbinsa. A saman dutsen Febe akwai gidan sufaye 'yan Benedikti, waɗanda ranarsu a yanke take da lokutan addu'a tun daga asuba har dare. Musulmin Briketeri da zai ga jadawalinsu ba zai ji shi baƙo ba.

Daga cikin Katolikan ne kuma Kamaru ta sami mutumin da ya fi nuna inda wannan tafiya ke kai mai yin ta. An haifi Simon Mpeke a 1906 kusa da Edeya, a kudu, kuma yana cikin Kamarawa takwas na farko da aka naɗa limaman Katolika a 1935. Ya zama babban limamin New-Bell a Duwala, unguwar da ita ma ke da zangon Hausawa, yana da daraja da jama'a da duk abin da limami zai so. Haɗuwarsa da almajiran Charles de Foucauld, masu koyar da zaman talauci da addu'a a tsakiyar mutanen da ba a kula da su, ta sauya masa lissafi. A 1959, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya ajiye komai ya tafi duwatsun Mandara, ya zauna a Tokombere cikin Mada da Muyang da Zulgo da maƙwabtansu, mutanen da ake yi wa kallon raini ana kiransu kirdi. Yakan hau duwatsun ba takalmi. Bai fara da rushe wuraren tsafinsu ba. Ya zauna da manyan masu hadayarsu, ya saurare su, ya kuma shaida cewa ya tarar da mutanen da suka riga suka san akwai Allah ɗaya Maɗaukaki. Ya buɗe makaranta, ya haɗa hannu da wani likita Bature, Giuseppe Maggi, wajen aikin asibiti, ya yi zaman mutunci da Musulmin yankin. Waɗanda suka zauna da shi sun fi tuna tsawon lokacin da yake ɗauka shi kaɗai cikin addu'a bayan ya yini yana tafiya. Mutanen dutse ne suka sa masa sunan da ya bi shi, Baba Simon.

Ya rasu a Edeya ranar 13 ga Agustan 1975. A watan Mayun 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke share hanyar sanya shi cikin waliyyan ikkilisiya. Asibitin Tokombere da makarantunta suna aiki har yau, Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya duk suna zuwa.